Tambayi Likita: Ɗori ya matse, yatsu sun kumbura

Tambaya: Likita, ɗana ɗan shekara 7 ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ya karye a gwiwar hannu. An yi masa ɗori da kara da tsumma. Yau kwana biyu yatsunsa sun kumbura, ciwo ya hana shi barci. An ce ƙashin ne ke haɗuwa. Haka ne? (Wata uwa, Gusau)

Amsa: Ba haka ba ne, Hajiya. Wannan na asibiti ne, kuma yau ɗin nan. Karaya takan ci gaba da kumbura kwana biyu zuwa uku. Naman hannu kuwa yana cikin wani tantani mai tauri da ba ya buɗewa. Idan kumburi ya taso daga ciki, ɗauri ya danne daga waje, sai jini ya kasa shiga. Bayan kamar awa 6 nama da jijiyoyi sun fara mutuwa, kuma wanda ya mutu ba ya farfaɗowa. Ƙarshenta hannu ya shanye, yatsu su ƙandare, ko ya ruɓe a yanke. Karayar gwiwar hannu a yara ta fi ban tsoro, domin babbar hanyar jini ta gaban ƙashin ta bi.

Babbar alama ita ce ciwon da ya ƙi jin magani, yana ƙaruwa idan an miƙe masa yatsu. Sai yatsu su yi sanyi ko ya daina jin taɓi. Ki danna farcensa ki saki: ya kamata ja ya dawo cikin daƙiƙa 2. Wanda ya jira sai yatsu sun yi baƙi ya makara.

A sassauta ɗaurin har fata, a tallafe hannun daidai ƙirji, kada a ba shi abinci domin mai yiwuwa a shiga tiyata. Filastar asibiti, wato simintin ɗaure karaya, ita ma tana matsewa, shi ya sa ake fara sa rabi sai kumburi ya saɓe.

Tambaya: Na karye a ƙwauri a haɗarin babur, ƙashi ya huda fata. Wata huɗu ke nan mugunya na fita. (Wani mai karatu, Maraɗi)

Amsa: Malam, da alama ƙwayoyin cuta sun shiga ƙashin. Kapso kaɗai ba zai warkar ba, don magani ba ya isa guntun ƙashin da ya mutu; sai an ɗauki hoto, an cire shi a tiyata, sannan a sha maganin da gwajin mugunya ya nuna, yawanci mako 6 ko fiye. Aikin likitan ƙashi ne, irin na asibitin Dala da ke Kano. Ka bar sigari, kuma a auna maka suga, duka biyun suna hana ƙashi kamawa.

Ga masu karatu: karaya mai rauni a rufe ta da ƙyalle mai tsabta, ban da toka, ganye ko man shanu, kada kuma a tura ƙashin ciki. A garzaya asibiti don allurar tetanus da wanke raunin.