Amsa kan shirin rage tumbi ga mazan fada

Malam, ka ce ƴan fadarku ta shan shayi sun fara gudu don rage tumbi, sati biyu kowa ya watse, kana tambayar yadda za a tsara abin ya ɗore. Gudun ne ya kore su. Mai kilo 100 ya soma da gudu, gwiwa ce za ta fara kuka.

Ku fara da awo. A samo igiyar awo ta tela, a auna ciki daidai cibiya, da safe kafin kari. Santimita 94 gargaɗi ne, 102 kuwa hawan jini da ciwon suga sun matso. Burin farko a rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi a wata shida, kada ragin ya wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati.

Ɓarnar tana cikin butar shayi. Na farko, na biyu, na uku, kowane da sukari har ya yi kauri, ga lemun kwalba mai sukari wajen giram 35 a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 50 a yini. A raba sukarin buta biyu tun satin farko. Harshe yana sabawa. Sai mai: cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa kalori 120 ne, shinkafa da wake kuma ba a tsayawa a ɗaya. Nan dole a sa uwargida cikin shirin, don ita ke riƙe da ludayi. Kada a hana mutum tuwo ko fura, zai ci a ɓoye. A rage malmala, a ƙara zogale da wake, tsiren dare ya koma sau ɗaya a sati, banda kitse.

Tafiya mai sauri minti 30, kwana biyar a sati, bayan Asuba kafin ranar Maraɗi ta buɗe. A tafi tare, maza ba su son a ce suna jinya amma suna son gasa. A Sikotilan ta ƙungiyoyin ƙwallo aka jawo su, shirin sati 12, kuma ya yi aiki.

Maganin rage tumbi na kasuwa yawanci gudawa yake sawa, ruwa ne ke fita. Mai shan maganin suga ko na hawan jini ya ga likita kafin ya rage ci.