Nafkin ko famfas?

'Yar uwa kin ce kuɗin famfas ya isheki, wane nafkin za ki saya wa jaririnki kuma ya ake wankinsa. Ki nemi na auduga zalla mai laushi, irin farin tawul ɗin nan, ki samu kamar dozin biyu don jariri fitsari ba ƙaƙƙautawa, duk awa 2 zuwa 3 ki canza, in kashi ne kuwa nan take.

Wajen wanki ake samun matsala wallahi, ki ɗauraye sosai har kumfa ta fita tas, ragowar omo ita ke cin fatar yaro ta kawo ƙuraje. Ki shanya a rana ya bushe ƙarau. Wandon roba kuma kar ya wuni jikinsa da zafin nan, ki riƙa barinsa ya sha iska kina shafa masa man kaɗanya. Allah ya raya mana.