Yaron Ƙungiyar Mawaƙanmu Ya Dishe, Wasu Sun Ce Aikin Maƙiya Ne

Tambaya: Malam, salama a gare ka. Ni ce shugabar ƙungiyar mawaƙa a wata ikilisiya a kudancin Kaduna. Muna da yaro ɗan shekara 14 wanda Allah ya ba murya mai zaƙi, kuma kusan kowane ƙarshen mako ana gayyatarsa taron farkawa ko kwanan addu'a. Wata biyu ke nan muryarsa ta dishe, tana kuma karyewa idan ya hau sama. Wasu sun ce maƙiya ne, wasu suna ba shi ɗanyen ƙwai da ƙwayoyi daga kemis, ga kuma wani mai situdiyo yana matsa mana a yi masa faifai tun muryar ba ta tafi ba. Yaya zan yi da shi?

Amsa: Salama a gare ki, 'yar'uwa. Abu na farko, a dakatar da amsa gayyata daga yau, a kuma daina ba shi ƙwayoyin nan. Disashewar da ta wuce mako uku zuwa huɗu ta likitan kunne, hanci da maƙogwaro ce, wanda zai leƙa igiyoyin muryar da na'ura ya ga halin da suke ciki. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, duka ba su yi muku nisa ba.

Bisa ga bayaninki, abu biyu ne suka haɗu. A wannan shekarun maƙogwaron yaro namiji yana girma, igiyoyin muryarsa suna ƙara tsawo da kauri, muryar kuma tana sauka kusan zango guda, wato daga do na sama zuwa do na ƙasa a jerin do-re-mi, kuma wannan sauyi yakan ɗauki shekara ɗaya ko biyu kafin ya daidaita. Karyewar da kike ji halitta ce. Disashewar kuwa alama ce ta cewa ana tilasta wa muryar da ke sauyawa ta ci gaba da rera abin da ta saba tun yana ɗan shekara 11, cikin dare, a fili, da ƙurar hunturu, yana gasa da ganguna da lasifikar da aka ƙure. Igiyoyin da ake gogawa haka sukan kumbura, daga baya su yi kanta kamar tafin hannun manomi, sai su kasa haɗuwa sosai, iska ta riƙa zuba a tsakaninsu.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, domin kullum ina karo da shi a ikilisiyoyinmu, wato tunanin cewa wanda yake da baiwa da shafewa ba ya bukatar horo, kuma duk wanda ya ce yaro ya huta ko ya koya, to yana kashe aikin Ruhu ne. Wannan tunani ya lalata muryoyi fiye da duk maƙiyan da ake zargi. Ban san daga wane littafi aka samo shi ba, amma ba daga Littafi Mai Tsarki ba ne. A 1 Tarihi 25 an lissafta mawaƙan da aka keɓe domin hidimar gidan Ubangiji, su 288, kuma an faɗa a fili cewa horarru ne, gwanaye, har aka jefa ƙuri'a tsakanin malami da almajiri, wanda ke nuna akwai masu koyarwa da masu koyo. A sura ta 15 an ɗora Kenaniya a kan sha'anin waƙa saboda gwanintarsa. Da aka nemi wanda zai kaɗa wa Saul, shaidar farko da aka bayar game da Dawuda ita ce ya iya kiɗa. Zabura 33:3 ta ce a kaɗa da gwaninta. Ina aka ga an ce a ɗauki yaro a yi ta yawo da shi daga dandali zuwa dandali har muryarsa ta ƙare, sannan a ce jarabawar Shaiɗan ce?

Mafi muni kuma, da zarar an yarda cewa matsalar ta ruhu ce kawai, sai a buɗe wa masu maganin jeka-na-yi-ka ƙofa. Zuma da ɗanyen ƙwai ba sa taɓa igiyoyin murya, domin abinci da iska kowanne da hanyarsa, kuma da a ce sun taɓa su da yaron ya ƙware yana tari. Ɗanyen ƙwai ma yana iya jawo masa gudawa. Ƙwayoyin da masu kemis ke ba mawaƙa kafin taro galibi irin su dexamethasone ne, masu rage kumburi na ɗan lokaci, sai mawaƙi ya ji kamar ya warke, ya sake ƙure muryar a kan rauni. Yawan shan su yana ɗaga sukari da hawan jini, yana kuma iya tauye girman yaro. Ku yi masa addu'a, ni ma zan yi, amma mai addu'ar da ya hana a kai shi asibiti ba ƙaunarsa yake yi ba.

Idan likita ya duba shi, kada ki cire shi daga ƙungiya, domin yaron da aka saba tafa wa, idan aka ajiye shi a benci, yakan ɗauka Allah ya janye baiwarsa, kuma da yawa daga nan suke barin ikilisiya. Ki zaunar da shi da iyayensa ki bayyana musu abin da ke faruwa da jikinsa. Ki sauko da shi zuwa muryar da yake rerawa ba tare da jijiyoyin wuyansa sun tashi ba, a hankali, minti 15 zuwa 20 a rana, ya yawaita shan ruwa, ya bar ihu, ya bar raɗa ma, domin ita ma tana gajiyar da murya. Wannan ne lokacin da ya fi dacewa ya koyi solfa, wato karanta waƙa da do-re-mi, ya riƙe Littafin Waƙoƙi ya iya karanta muryoyi huɗu, ya fara jita ko kibod, ya kuma gwada tsara baitoci da Hausa ko da harshen gidansu, kina duba masa ma'ana da nassi. Ki haɗa shi da wani namiji babba a ƙungiyar wanda ya bi ta wannan sauyi, su riƙa haɗuwa a majami'a da sanin iyayensa.

Shi kuwa mai situdiyo, gaggawarsa ta nuna inda zuciyarsa take. Ɗan shekara 14 ba shi ne zai sa hannu a yarjejeniya ba, iyayensa ne, kuma kada su sa hannu a takardar da ba ta faɗi wanda ya mallaki waƙoƙin da yadda za a raba kuɗin ba. Ku gaya masa ya dawo bayan shekara biyu idan muryar ta zauna.