Juya Ganyen Kafin Ka Biya

Ka tambaye ni yadda ake bambance itacen laim ɗan asalin Ingila da wanda ake dasawa a bakin titi, kuma tun ban buɗe baki ba na ga ka zaro waya za ka ɗauki hoton ganye, kamar yadda yaran yanzu suka saba. Mayar da ita aljihu. Ba sai na gaya maka cewa wannan itace, wanda masana ke kira Tilia, ba shi da dangantaka da lemun tsami ba, ko da yake a Turanci sunansu ɗaya ne.

Tambayar nan ta fama mini tsohon miki. Wata shekara wani attajiri ya ba ni kwangilar dasa masa mai ƙaramin ganye, wato Tilia cordata, yana nanata cewa ɗan ƙasa yake so. Na sayi dashe 40 a hannun wani dillali da tsakar hunturu, lokacin da babu ko ganye ɗaya a jikinsu, na amince da takardar da ya rataya musu domin mun daɗe muna ciniki. Da suka yi ganye na juya guda, sai gabana ya faɗi, domin maimakon ɗan tarin gashi mai launin tsatsa a mahaɗar jijiyoyi, fari-fari na gani. Ashe ruwa-biyu ya sayar mini, haɗin mai ƙarami da mai babban ganye, irin da aka riƙa shigowa da shi daga Holan tun ƙarni na 17 ana jerawa a hanyoyin gidajen manya. Shi ne na bakin titin da ka tambaya, mai cika gindinsa da toho, yana zubar da darɓa a kan motocin mutane. Attajirin bai biya ni ko sisi ba, na tumɓuke su da kuɗin aljihuna, dillalin kuwa ya rantse cewa ni na musanya su, kuma har yau ban yafe masa ba.

'Yan ƙasar biyu ne kawai. Mai ƙarami yana ɗaga furensa bisa ganye a watan Yuli, shi kuwa mai babban, Tilia platyphyllos, ganyensa da laushin gashi, furensa na reto ƙasa, ɗansa kuma mai tauri ne da tudu biyar a jikinsa.

Kada ka kawo mini ganyen tohon gindi, domin girmansa kan wuce kima ya ruɗi mutum. Gobe da safe ka hau tsani, ka tsinko daga reshen da rana ke duka.