Amsa kan zaɓen kalmomin haɗa zance a Turanci

Malama, kin tambayi yadda za ki gane kalmar da ta dace wajen haɗa jimloli biyu a rubutun Turanci. Ki fara tantance dangantakar maganganun a Hausa: idan nufinki "sai dai" ne, "however" ya dace, idan kuwa "saboda haka" ne, ki sa "therefore". Kuskuren da ya fi damuna wajen ɗalibaina shi ne haɗa "although" da "but" a jimla guda, domin mu mukan ce "ko da yake ya yi karatu, amma bai ci ba", alhali Turanci ɗaya kawai yake karɓa daga cikinsu. Kuma idan "however" zai buɗe sabuwar magana, aya ko waƙafi mai ruwa ake sawa kafinsa.