Amsa ga 'yar'uwar da ta tambayi ma'anar sunan Hannatu

Allah sarki 'yar'uwa, da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru, wai surukarki ta ce kar a sa wa jaririyarki Hannatu don sunan macen da ta daɗe ba haihuwa ne, zai bi yarinyar. Ni sunana kenan fa, kuma maganar nan na sha ta har ta ishe ni.

Shekara shida na yi a gidan miji ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Ranar Kirsimeti ce ba zan manta ba, gida cike da baƙi, ina durƙushe ina zuba shinkafa a kuloli sai yayar maigidana ta ce a gaban kowa ai dama wanda ya auri Hannatu sai ya shirya jira, sunanta ne ke bin ta. Aka kwashe da dariya. Shi kuma yana zaune da kwanon nama a hannu ko uffan bai ce ba, shirun nan nashi ya fi min ciwo. Na shige bayi na yi kuka har sai da shinkafar ta huce. Na yafe mata, amma har yau in na ji muryarta a waya gabana faɗuwa yake, kuma ba ta taɓa cewa in yi haƙuri ba, ko sau ɗaya.

A Ibrananci sunan Hanna ne, daga kalmar hen, wato alheri ko tagomashi. Babu ma'anar rashin haihuwa a ciki ko kaɗan. Tushensu ɗaya da Yohanna da Hananiya, to wa ya taɓa hana sa Yohanna? Ki buɗe 1 Sama'ila sura 1 a Littafi Mai Tsarki, labarin Hannatu uwar annabi Sama'ila, gaskiya ne ta daɗe ba haihuwa, kishiyarta Feninna ta tsokane ta har ta kasa cin abinci, Eli firist ma da ya ga leɓenta na motsi ba murya tana addu'a a gidan Ubangiji a Shilo ya ɗauka buguwa ta yi. Amma masu tsoratar da ke ba sa kaiwa 2:21, bayan Sama'ila ta ƙara maza uku mata biyu, shida kenan! Ga kuma Hannatu annabiya a Luka 2:36 da ta ga jariri Yesu a Haikali.

Don Allah kar ki tsaya musu da Mama kina cikin jego, maigidanki ne ya kamata ya same ta, in ya ƙi ki sa fasto ko wata dattijuwa a zumuntar mata ta karanta mata wurin a hankali. Ki ci abinci, ki sha kununki da zafi. Ku kuma masu jiran haihuwa a nan, ku je asibiti ku da mazajenku, ni shekara huɗu ni kaɗai ake ta gwadawa ashe matsalar ma ba daga ni take ba, yanzu yarana uku.

Yaushe ne sunan? Ki sanar da mu, zan sa ku a addu'a daren nan.