Alhaji, wa ya aike ka cewa "ko me ya same ta"?

Wani mai shago a Babbar Kasuwar Maradi ya aiko da tambaya. Ya sayar wa wani ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo kwamfutar tafi-da-gidanka, HP ta hannu, kan jika 140 (sefa dubu 140), ribarsa jika 25. Wajen ciniki ya ce wa yaron: "Garanti wata uku, ko me ya same ta ka dawo min da ita." Ana haka shayi ya zube mata, ta ɗauke. Yaro ya dawo da ita, mahaifinsa na biye. Alhaji na son sanin ko kamfanin HP zai biya, kuma yana neman shawara kan cin bashi ya fara sauke kaya daga Dubai.

Alhaji, kamfani ba zai ba ka ko dala ba. Garantin da HP ko Dell ko Lenovo ke bai wa sabuwar kwamfuta galibi na shekara ɗaya ne, kuma aibin da ya fito daga masana'anta kawai ya shafa. Ruwa, shayi, faɗuwa ƙasa, duk an cire su ɓaro-ɓaro. Akwai kariyar haɗari da ake saye daban da kuɗi, amma wannan sai sabuwa, kuma yawanci a ƙasar da aka saye ta take aiki. Taka kuwa ta sha aiki a ofisoshin Turai kafin ta biyo ta Kano da Jibiya ta iso Ɗan Isa. Sa lambarta a shafin kamfanin, za ka ga garantin ya daɗe da mutuwa.

Ka duba fa: alƙawarin da kamfanin da ya ƙera ta ya ƙi ɗauka, shi ka ɗauka da bakinka, kan ribar jika 25, ba takarda. Canjin babban allon ciki zai iya cin jika 50 ko fiye, wato ribar kwamfuta biyu. Na san wani da ya yi ta rabon irin wannan garanti don ya ƙwace wa maƙwabtansa masu saye. Damina na sauka, masu babur da kwamfuta a jakar baya suka fara yi masa layi, kowa na rantsuwa ita ta mutu da kanta. Ba rasit, ba lamba, har wadda ba shi ya sayar ba sai da ya gyara. Yanzu caja da linzami yake kasawa a tebur.

Ruwa kuwa ba ya ɓuya. Mai gyara na buɗe ta zai ga tsatsa fara ko koriya a jikin allon, maɓallai na danƙo saboda sukari. Wasu, kamar MacBook, har ɗan tambari ke cikinsu mai komawa ja in ya jiƙe. To amma shaidar mai gyara me za ta yi maka, tunda kai ka ce "ko me"?

Wannan yaron dai ka riga ka ɗaure kanka. Ka zauna da mahaifinsa, ka nemi a raba kuɗin gyara. In ya ƙi, ka biya, don ɗalibai jan juna suke zuwa shago. Daga gobe kuma kowace kwamfuta ta fita da rasit mai kwafi biyu: lambarta, ranar saye, garanti wata ɗaya, ban da ruwa, faɗuwa da wutar da ta ƙona ta. Ka karanta wa mai saye da Hausa, ya sa hannu, ko da ɗan ƙanwarka ne. Shi ma ya fi buƙatar takardar, don shi ne zai kai ƙararka gida. Ka kuma gaya masa in abu ya zube, ya kashe ta nan take, ya cire caja, kada ya kunna don gwaji, kada ya binne ta cikin shinkafa, ya kawo ta a buɗe a wanke.

Maganar Dubai kuwa, ka bar ta tukuna. Wanda jika 50 ta hana barci bai kai cin bashin miliyoyi ba. Ka cika littafin rasit guda, mu ga nawa ke dawowa cikin kowace ashirin, sannan ka sake aiko min.